Taswirar Ƙabli da Ba'adi

Shekarar da aure ya kai ni Gwaram aka ba ni ajin matan aure a Islamiyyar unguwarmu. Na karɓa da ɗoki, har da 'yar taƙama, don littafin fiƙihun da ake karantarwa na haddace shi tsaf, musamman babin rafkanuwa a salla.

Ban yi wata guda ba asirina ya tonu. Wata mai ƙuli-ƙuli ta ce, "Malama, na manta sura bayan Fatiha, kuma na ƙara raka'a. Ƙabli zan yi ko ba'adi?" Wato sujadar gyara kafin sallama ko bayanta. Na kamo babin daga farko ina ja, ina fatan in ci karo da amsar a hanya. Har na kai ƙarshe ban gan ta ba. Mako na gaba tabarmi biyu suka zama wayam, shugaban makaranta kuma ya ce zai leƙo ajina ranar Asabar. Na san ajin za a karɓe.

Ranar Alhamis na hau mota zuwa Birnin Kudu wajen kawuna, manomi mai karantar da magidanta a zaurensa. Na same shi yana ɓarar gyaɗa. Da na gama kukana, ya yi dariya har da tari.

"Yarinya, hatsin kina da shi. Ƙofar rumbun ce ba ki yanka ba."

Ya share ƙasa da tafin hannu, ya ɗauki kara ya ja layi ɗaya, ya raba shi biyu. "Nan ƙari, nan ragi. Duk mai tambaya, fara tsayar da ita a mararrabar nan." Ƙari ya kai shi ga ba'adi. Ragi ya tsaga shi uku: farilla sai an kawo ta, sunna mai ƙarfi ƙabli, mustahabbi ba komai. Inda ƙari da ragi suka haɗu, ya ajiye ƙwayar gyaɗa a kan ƙabli. Sai ya riƙa jefo mini tambayoyi ina bin layi da yatsa, in na ɓata ya ɗan ƙwanƙwashi hannuna da karan. Haushi ya kama ni, don abin da na yi shekaru ina haddacewa ga shi a fili bai kai faɗin faifai ba. Kafin la'asar haushin ya koma godiya, kuma har yau ba na salla ban sa shi a addu'a ba.

Ranar Asabar na zana taswirar a allo, shugaba yana tsaye a bakin ƙofa. Mai ƙuli-ƙuli ta samu amsarta. Sai wata tsohuwa da ba ta taɓa buɗe baki a aji ba, ba ta kuma iya karatu, ta taso ta ɗora yatsa a mararrabar. Na faɗa mata sunan kowane reshe, ta bi a hankali har ta tsaya a kan "ba komai".

"Malama, ashe in na manta alƙunutu sallata tana nan?"

Na ce tana nan, Inna.

Ta goge ido da gefen mayafi. "Tun ina amarya nake sako ta daga farko. Kunyar tambaya nake ji."

Shugaba ya cire takalmansa, ya shigo ya zauna a bayan aji, ya ce in ci gaba.