Matsefatar Mai Gyaran Rediyo

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau, kwamfutar shagon da nake aiki a Kaura Namoda ta riƙa sandarewa in an kunna karatu ana buga takarda. Maigidana ya rantse in ba ta gyaru ba, zai kore ni.

Dattijon da ke gyaran rediyo kusa da mu ya leƙa cikinta, rigarsa na warin dalma. "Ba ta lalace ba, ɗana. Firinta da katin sauti ne ke faɗa kan lamba guda." Ya sa matsefata ya matsar da ɗan fulogin katin daga bakwai zuwa biyar, ya rubuta lambobin da ajami a cikin murfinta.

Na ce wa maigida ni na gyara. A gaban dattijon na faɗa, don tsabar rashin kunya! Bai tona ni ba har ya koma ga Allah.

Jiya na tarar an rufe akurkin kaji da murfin kwamfutar nan. Raina ya ɓaci, na fizge shi na kai wa maigida. "Alhaji, duba rubutun, hannun mai gyaran rediyo ne. Ƙarya na yi maka."

Allah Ya haskaka kabarin dattijon nan, Ya mayar masa da ladan da na sace.