Mai Yi wa Agwagwa Bayani

A tashar jirgin ƙasa ta Plovdiv, Dobrin, tsohon mai raba wasiƙu, yana kallon wata mata mai furfura da kwamfuta a cinya. Hannayenta duk kaushi, irin na wadda ta daɗe a masaƙa. Ƙila masaƙar aka rufe, ta koma koyon rubuta manhaja da girmanta. Jan rubutu ya cika allon, kwamfutar ta ƙi karɓar aikin. Ga 'yar agwagwar roba a gefenta, ita take yi wa bayani.

"Saurara, sarkin shiru. Jarrabawar ɗaukar aiki ce, ƙarfe sha biyu za a rufe. Na nemi wuri a cikin kwamfutar, na ƙera akwatin zuba lambobi. Na ce a buɗe shi, kwamfutar ta ce wai ba akwati ba ne." Ta sake duba allon. "Ashe adireshin akwatin ne a hannuna. Sai an bi shi tukuna."

Ta gyara layi ɗaya, jan rubutun ya ɓace.

"Shekara talatin ina bin adireshi, baiwar Allah," in ji Dobrin. "Ai da ni kika tambaya."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Baba, ita agwagwar ba ta sa mini baki."