Ranar da Na Gudu da Gidanmu

Ni ne da laifi, kuma da gangan na yi. Na daɗe ina cewa doka ce ta tilasta ni, amma ƙarya nake yi.

Shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, kansil, wato hukumar gari, ta rage ma'aikata, aikin gadin da nake yi ya tafi. Ni da uwargidana muka bar fulat ɗinmu, ɗan gidan da muke zaune a unguwar Balsall Heath nan ƙasar Turawa, muka tare a wani tsohon jirgin ruwa a kan kanal, hanyar ruwan da aka haƙa wa jirage, irin siririn nan da in ka miƙa hannuwa sai ka kusa taɓa bango da bango. Dokar masu irin zamanmu ita ce ba a wuce sati biyu a wuri ɗaya, sai a matsa gaba.

Uwargidana 'yar zumuntar mata ce a cocinmu, kuma ya zo kunnenta ana cewa wai mun rasa wurin kwana. A garinmu ba a rufe ƙofa ranar Kirsimeti, gidan da bai ciyar da kowa ba an san ya mutu. Sai ta miƙe a gaban matan ta ce duk su zo gidanta bayan sujada, su gani da idonsu.

Kwana biyu muna fama a murhu mai kai biyu: cincin, zoɓo, miyar shinkafa, da rabin akuya da muka soya kaɗan-kaɗan. Da safiyar Kirsimeti na ce bayana ya riƙe, ta tafi sujada ita kaɗai, ta bar ni da tukunya. Na ɗauki tsoka ɗaya don in ji gishiri. Na ƙara ɗaya saboda ta farkon ƙarama ce. Ina tauna ina tunanin mata goma sha biyu a cikin wannan lungun, da ɗan banɗakinmu mai kamar akwati, da yadda za su ga inda na ajiye matata.

A gida, mai gudun baƙi fita yake yi ya bar musu gidan. Ni kuwa Allah ya ba ni abin da kakana bai samu ba, gidan da ake kwancewa. Na kwance igiya, na tayar da inji. Dabarata ita ce in yi nisa, matan su gaji su watse, sannan in kira ta in ce sati biyunmu ne suka cika.

Na manta cewa jirgin nan bai fi tafiyar tsohuwa sauri ba. Na kuma manta da ƙofar ruwan da ke gaba, wadda sai ka sauka ka tura ta da ƙarfinka kafin ka wuce. Ina nan na jingina baya da gungumen ƙofar ina nishi, sai na ji kacau-kacau. Ga su nan tafe a jere a bakin ruwa, zani iri ɗaya da manyan rigunan sanyi, suna waƙa. Ashe wani Bature mai yawo da kare ne ya nuna musu inda na nufa.

Uwar zumunta ta tsaya a kaina. Ta ce, "Barka da Kirsimeti, ɗan'uwa. Manchester za ka kai mana naman?"

Na ce, "Mama, doka ce. Sati biyu sun cika."

"Dokar ba ta hutun Kirsimeti? Amma na ga bayan ya warke, mun gode Ubangiji."

Wata daga baya ta ce, "Maigida, goge baki, dokar ta bar maka maiƙo."

Su suka ɗaure jirgin. Suka ci hurhuɗu a ciki, sauran suka zauna a kan rufi da farantansu. Suka yaba labule, suka yaba miya, ba su bar ko ƙashi ba. Uwargidana ta yi ta zuba abinci tana dariya, amma ko sau ɗaya ba ta dube ni ba.

Sai bayan watanni uwar zumunta ta faɗa mini abin da ban gani ba. Ta ce da suka iso inda muke ɗaure da safe, matata ta tsaya tana nuna ruwa tana cewa, "Nan ne fa, nan ne gidan." Har wata ta riƙe mata hannu ta ce kada ta ji kunya, akwai ɗaki a wurinta.

A taronsu na gaba na nemi izinin shiga. Na cire hula, na durƙusa a gaban matata, matan suna kallo. Na ce, "Uwargida, ranar nan kwanakinmu ba su cika ba, saura biyar. Kwaɗayi ne, da kunyar a ga inda na ajiye ki. Ke ba ki ji kunyar gidan ba, ni na sa aka ɗauke ki maƙaryaciya. A gabansu na kunyata ki, a gabansu nake roƙonki. Ki gafarta mini."