Shekarar da Muka Tare Roka da Katifa

Duk tsufan da zan yi, ba zan manta da shekarar da maigidana ya tashi tare makami mai linzami da katifa ba. Muna zaune a unguwar Zahir ta ƙasa mai tsarki lokacin, ana yaƙi can Yaman, rediyo kuma kullum zancenta ɗaya: an ƙera wata roka, Larabawa na ce mata sarukh, ana saita ta daga nesa ta zo ta faɗa inda aka aike ta.

Sana'armu ba da hayar katifu ce ga alhazai a Mina. 'Yan kwanakin nan su ke ciyar da mu shekara guda. Shi kuwa, Allah ya jiƙansa, in ya ji abu a rediyo sai ya ɗauka da shi ake. Wata safiya ya shigo ya ce, "Hajiya, na gano maganinta. Daga sama take faɗowa, ko? To, a ba ta wuri mai laushi."

Na ce, "Alhaji, katifun alhazai? Saura wata guda fa hajji!"

Ya ce matacce ba ya ba da haya.

Haka ya sa aka jibge su kaf a kan rufi. Maƙwabcinmu, wani dattijo makanike da ya taɓa aiki da sojoji, ya hau ya duba, ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ya shekh, manyan ƙasashe ma da injinansu ba sa iya kakkaɓo duk wadda aka harbo musu. Kafin ka ji ƙararta ta riga ta iso. Kai kuma da auduga?"

Maigida ya ce ai shi ya sa suke shan kashi, ba wanda ya yi tunanin auduga.

Roka dai ba ta zo ba. Ruwa ne ya zo, wata la'asar, kamar da bakin ƙwarya, a garin da kan shekara bai ga ɗigo ba. Auduga ta sha ta ƙoshi. Ina madafa na ji katako ya ce ƙas, rufin ɗakinmu ya rufto. Sai ga Alhaji a guje ba hula, yana ihu, "Sarukh! Sun harbo!"

Na ce, "Katifarka ce, Alhaji."

Wallahi na yi kuka. Katifun suka ruɓe, ko guda ba ta je Mina ba. Hajjin shekarar, dakon kayan alhazai ya yi a Muzdalifa, da furfurarsa. Amma har ya rasu, in an tayar da zancen sai ya ce, "Duk da haka, ko ɗaya ba ta faɗo mana ba."

Ni dai abin da na koya shi ne: abin da ba ka da ikon tarewa, bar wa Allah, ka riƙe abincinka da kyau. Tsoro ya fi roka iya saiti, don shi bai kuskure gidanmu ba.