Taubashina Ya Daina Zagina

A ƙauyenmu, tsakanin Boɗinga da Shagari, ba a cewa ruwa ya yi yawa. Ko katangar mutum ce ta zube, in ka ce masa ina ruwa, cewa zai yi ya yi gyara. Haka muka taras, haka muke yi. Amma a damanar da zan ba da labarinta mun faɗi gyaran nan har bakinmu ya gaji.

Malka, ruwan tsakiyar damana, ta shigo a kan lokacinta, sai dai ta ƙi fita. Gero ya nuna, ruwa bai ɗauke ba. Ba ruwan iska da tsawa ba ne, irin mai zuba a tsanake ne, ya wuni, ya kwana, ya huta kaɗan ya dawo. Itacen girki ya jiƙe, matata ta riƙa hura wuta idanunta na hawaye, tuwon dare ba ya sauka sai an kusa isha'i. Tabarma ta yi hunhuna, gishiri ya narke a kwano, rigar da aka wanke ranar Litinin da danshinta aka je masallacin Juma'a. Masu babura suka daina bin hanyar Kajiji, wanda ya yi taurin kai shi ke tura babur ɗinsa cikin laka. Irin albasar da muka yafa ruwa ya kwashe, muka sake yafawa ya sake kwashewa. Sauro kuwa ba gidan da bai kwantar da yaro ba.

Mu magidanta kaɗan ne a unguwarmu muke gayya ta karɓa-karɓa lokacin girbi. Yau a taru a gonar wannan, gobe a ta wancan, mai gona ya kawo fura da goro. Tsarin da muka gada shi ne a fara da babba a gangaro zuwa ƙarami. A shekarun da ruwa ke ƙaranci tsarin bai taɓa cutar kowa ba, don manyanmu gonakinsu na jigawa inda gero ke saurin bushewa, ƙanana kuma su ne a kwari inda ƙasa ke riƙe danshi, geronsu na iya jira. Kuma akwai ƙofa a ciki: mai rana yana iya bayar da ranarsa ga wanda ya fi shi matsuwa, in an roƙe shi. Ba a tilasta masa, ba a kuma yi masa gori in ya ƙi.

Ni ne na biyu a shekaru. Na ƙarshe shi ne taubashina, ɗan goggona ƙanwar mahaifina, kuma gonarsa ce mafi zurfi a kwarin. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, don haka tun muna yara ni ne ubangida shi ne bawa. Ban taɓa jin gaisuwar kirki daga bakinsa ba. In ya hango ni a kasuwar Dingyaɗi sai ya ɗaga murya ya ce mai ƙosai ta rufe kaskonta ga fara ta sauka. Ni kuma in ce a kama mini bawana ya tsere bai share mini gida ba. Ranar da aka yi mini haihuwar fari cewa ya yi Allah ya taimaki jaririn bai ɗauko hancina ba. Ranar da mahaifina ya rasu shi ya shiga kabari ya karɓe shi, da muka dawo ya zauna kusa da ni, sai can ya ce ko a zaman makoki ma na fi kowa loma. Dariyar da na yi ita ce ta farko a ranar.

An samu an girbe gonar dattijonmu kafin ruwan ya sake sarƙewa. Daga nan aka zauna jira, rana tawa ce ke gaba. Ban damu ƙwarai ba. Gonata rairayi ce, ruwa na sauka take shanyewa, gerona na tsaye kyam. Na taubashina kuwa na gan shi da idona da na bi ta wajen neman akuyata. Ruwa ya kwanta a kwarin kunya har ya shafe ta, saiwa ta saki, karan ya fara kwanciya. Zangarniyar da ta taɓa laka cikin kwana kaɗan take tsiro ko ta yi baƙi.

Wata asuba muka fito masallaci muka ga sama tas, ba ko ɗigon gajimare. Kowa ya san ranar aiki ce ta samu, kuma rediyo ya riga ya faɗi cewa sararin ba mai daɗewa ba ne. Muna tsaye muna neman takalma sai taubashina ya matso.

Ya ce, "Ubangidan banza, wanga gero naka da ko tsuntsu ba ya sha'awa, ko an bar shi har Sallah ba abin da za shi same shi. Ba bawanka ranar ga mana."

Mutane suka yi dariya. Shi ma bakinsa na dariya, amma bai dube ni ba, takalminsa yake kallo, yana ta juya shi da ƙafa.

Na ce, "Yaushe bawa yaf fara cin tuwo kahin ubangiji nai? Kai da kag gaji tabki, masunta za ka gayyata, ba manoma ba."

Aka sake dariya, har da dattijon. Taubashina ya ce to ai shi ke nan, bari ya je ya ɗauko magirbinsa ya zo ya yi wa rago aiki.

A nan laifina yake, kuma na san girmansa. Da wani ne ya roƙe ni, da ladabi zai zo, ni kuma dole in ba shi amsa da ladabi, in ce na bayar ko na hana, kowa ya ji. Taubashi ba shi da wannan hanya. Bakin da aka ba mu mu yi magana da juna guda ne, na wasa, kuma da shi ya roƙe ni. Na ji roƙon sarai. Na ɓuya a bayan wasan don in hana shi ba tare da an ce na hana ba. Ina son hatsina ya shiga rumbu in huta da fargaba, ina kuma son a ce sabon gero a gidana aka fara dakawa. Dalilina bai wuce wannan ba.

Da na shiga gida matata tana dama furar gayya, labari ya riga ni isowa. Ta ce, "Malam, ka san dai ba wasa yake ba." Na ce mata ta san wasan taubasai ne ta fi ni? Ta ci gaba da damu.

Aka yi aikin gonata cikin rana mai kyau. Aka sare kara, aka yanke zangarniya, washegari ma rana ta ba mu aka ɗaure dammuna. Taubashina ya fi kowa aiki. Ya yi ta tsokanata har aka tashi, ya ce damin da na ɗaure ko tsohuwa ta yi atishawa sai ya kwance. Sai dai na lura duk sanda ya miƙe ya share gumi gabas yake duba. Ranar da muka rufe rumbuna da yamma hadari ya haɗo, ruwa ya dawo kamar bai taɓa tafiya ba.

Kwanaki ya yi yana zuba. Sauran masu jigawa suka riƙa satar sarari suna yankar nasu kaɗan-kaɗan. Kwari kuwa ya cika.

Da safiyar da ruwan ya ɗan tsagaita na haɗu da shi a bakin rijiya. Na buɗe baki zan ce ina kifin da ya kamo mini, sai ya rage tsawo ya ce, "Ina kwana, yaya. An tashi lahiya? Ina iyali?" Na tsaya ina jiran sauran, don na ɗauka sabon salon tsokana ne. Ba sauran. Ya ce a gaida gida, ya wuce. Tun da aka haife shi bai taɓa ce mini yaya ba.

Ban tsaya wani dogon tunani ba, na san abin da ya kamata. Na bi gidajen 'yan gayya na ce kada mu jira rana, mu shiga kwarin haka nan. Muka shiga, ruwa har gwiwa, wani wuri ya fi. Ba a maganar sare kara, sai dai ka lalubo zangarniya ka ɗago ka duba. Wata ta fito da farin tsiro kamar gemu, wata ta yi baƙi tana wari, wata ka taɓa ta ta zube a hannu. Mai sauran kyau muka riƙa zubawa a kwando muna ɗauka a ka zuwa tudu. Na kwashe kayan zaurena na shimfiɗa kara muka baza ta a ciki, matata ta riƙa kawo garwashi a kasko don danshi. Abin da aka tsirar bai kai rabi ba, kuma furarsa tsami-tsami take yi.

Na buɗe rumbuna na ɗora dammuna a amalanke na kai masa. Na so ya ce ba ya cin sadakar matsiyaci, ko ya ce na zaɓo masa masu ƙwari. Sai ya karɓa da hannu biyu ya ce Allah shi saka da alheri, Allah shi ƙara buɗi. Na juyo da amalanken kamar wanda aka kora.

Na shiga wurin goggo, mahaifiyarsa, tana zaune a bakin ɗaki tana gasa ƙafafunta da sanyin damana ya kama. Na ce mata ɗanta ya daina zagina.

Ta ce, "Ni ma na ji gidan ya yi shiru. Kai ɗan ƙanena ne ko ɗan yayana ne, na manta, tunda yanzu sai da sallama kuke magana."

Na ce, "Goggo, mi zan yi?"

Ta ce, "Hatsi dai ka kawo, mun gode. Ka gaya mishi ka ji shi ran nan?"

Ban gaya masa ba. Abin da nake ta kewayewa ke nan, don kai dami ya fi shi sauƙi. Na same shi a bayan gida yana gyara dangar da ruwa ya kayar. Na ce masa ranar nan a ƙofar masallaci na san ba wasa yake ba, na ji shi, na hana shi da gangan, ya yafe mini. Ya daɗe yana ɗaure igiya. Sannan ya ce, "Ya wuce, yaya. Rana taka ce." Na yarda ya yafe, don ba ya ƙarya. Amma yaya ɗin na nan.

Haka muka yi rani. Hatsinsa bai kai shi ko'ina ba, ya sayar da san nomansa guda, babban ɗansa ya tafi ci-rani tun ba a gama kaka ba. Muka yi aikin albasa gefe da gefe a fadama, yana gaishe ni ina amsawa. A kasuwar Dingyaɗi mai ƙosai ta tambaye ni ko abokin faɗana ba shi da lafiya ne. Ban sake neman tsokanarsa ba, don na gane ba ni ke da ikon buɗe wannan ƙofa ba. Na dai ba shi aron san nomana da huɗa ta zo, na kuma ɗebar masa iri daga zangarniyar da na rataye a madafa.

Damanar da ta biyo baya ita ma mai ruwa ce, ko da ba ta kai waccan ba. Da gero ya fara nuna muka zauna a zauren dattijonmu. Ban jira a roƙe ni ba. Na ce ranata ta kwari ce, bana da duk shekarar da malka ta zarce, kuma ina ganin a irin wannan shekara a fara daga ƙasa a hauro. Dattijon ya ce iyayenmu ba su yi haka ba. Na ce, Allah shi ba ka haƙuri, iyayenmu fari suka sani, mu ga abin da muke gani. Sai ya ce to shi ma tasa ranar a kai kwari. 

Sarari na farko da aka samu muka sauka gonarsa. Ƙasa ta yi laushi amma karan na tsaye. Aka jera, kowa da kunyarsa. Ni na saba da rairayi, laka kuwa sai ta riƙe mini ƙafa, ga baya ya fara ciwo. Kafin hantsi an bar ni a baya da nisa. Na tsaya na dafa magirbi ina haki, takalmina guda ya maƙale a taɓo ina lalube da yatsun ƙafa. Sai na ji murya daga gaba.

"Wai wa yag gayyato wanga tsoho? Ku duba mani shi, tun sahe kunya guda. Hura dai taj jawo shi."

Ma'aikata suka dakata suna dubana. Na zaro takalmin na ɗaga shi sama, laka na ɗiga a hannun rigata.

Na ce, "Ina duba aikin bawana ne. Kai ka ga inda ubangida ka gaggawa?"

Ya ce, "To a rage mishi hura, rabin ludayi ya ishe shi."

Da aka zauna shan fura, shi ya miƙo mini ƙwarya da kansa, ya ce in yi a hankali kada in haɗiye ludayin, na goggo ne. Geron nan a bushe muka ɗaure shi, a bushe ya shiga rumbu. Nawa na jigawa ya sha ruwa ya jira har ranarsa ta zo, ba abin da ya same shi.