Ɓawon Waken Goggo

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, malamin da ke duba aikina ya ce in tatso wani sinadari mai yauƙi, dangin sitaci, daga ɓawon baƙin waken suya. Babu ɓawo, babu digiri. Na karaɗe Kasuwar Gombe rumfa-rumfa, kowa farin wake yake nuna mini. Wani ɗan rainin wayo ma cewa ya yi in saya in shafa masa shuni.

Ashe abin nema yana gidanmu. Goggo, yayar babanmu, ta gudo mana daga ƙauyensu na wajen Borno da zane biyu da ƙullin iri, kwano ɗaya cif, wai sai ranar da ta koma za ta shuka. Na yi ta magiya har ta auna mini rabi, kuma don son banza na roƙe ta ta surfa mini.

"Goggo, ɓawon nake so. Ƙwayar ko a zubar."

Ta dube ni, ta ce, "To."

Da la'asar ƙamshin suya ya tare ni tun daga ƙofa. Ga awara a faranti, har da yaji.

"Goggo, ina ɓawona?"

"Tambayi akuyar maƙwabta."

"Ba na yi miki bayani ba?"

"Na ji ka sarai, ɗan nan. Na ce karatu ne ya taɓa ka. Wane mai hankali ne zai ajiye ɓawo ya zubar da wake?"

Na leƙa ta katanga, ga akuya tana tuƙar digirina hankali kwance. Don baƙin ciki na cinye awarar tas, hawaye na zuba, ina cewa yaji ne.

Washegari na tarar da sauran irin a bakin ƙofata. Na ce, "Goggo, shukarki fa?"

"Ɗauka. Wa ya ce maka gonar tana jirana?"

Na surfa da hannuna. A ɗakin gwaji na tafasa ɓawon, na tace, na zuba sifirit, na busar. Garin da ya fito bai cika ƙaramin cokali ba. Na kawo mata a 'yar kwalba, ta ɗaga ta a rana, ta girgiza.

"Irin nawa ke nan?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Na samu digirina. Goggo ba ta koma ba, a Gombe muka binne ta.