Biyu-Biyu Nake Ba Ta

Inna ta dawo wurina Ƙaura Namoda a shekarar da aka yanke mu daga Sakkwato aka ba mu jiharmu. Baba ya rasu a lokacin kaka, gidanmu na ƙauye a ƙasar Zurmi ya yi mata girma, maigidana kuma ya ce a share mata ɗakin da muke ajiye gero. Ta zo da tabarma da buta da akwatin ƙarfe, da wani ciwo da ta daɗe tana ɓoyewa.

Ni ce 'yarta ta fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke wagga" take ce mini, in kuma tsokana take ji, "'yar boko", saboda na gama firamare, ina iya karanta abin da ke jikin kwalin magani. Ta san halina sarai. Ni ce mai komawa duba murhu sau uku bayan na kashe wuta. Ni ce mai sake alwala don ban tabbata ruwa ya kai gwiwar hannu ba.

Ta wurin tulunta na gane ciwon. Ruwan da na zuba mata da safe yana nan har la'asar. Da na matsa mata, sai ta kau da kai ta ce, "In na sha sai in ta zarya bayi. In na tahi kuma, awa an zuba barkono. Ga ɗigo. Tsohuwa da ni, zane ukku a wuni? Da wane za ni salla?"

Maigidana yana zuwa kasuwar Shinkafi duk Alhamis sayen hatsi. Ba a yi wa suruki bayanin fitsarin surukarsa, sai na ce masa kawai ya samo maganin sanyi. Ya dawo da kafso a ƙulle cikin leda, masu kai ja da gindi rawaya, babu kwali babu takarda. Ya ce mai teburin maganin ya ce biyu da safe biyu da yamma, har su ƙare.

Wannan "har su ƙare" ita ta tsaya mini a rai. Na sha jin mata suna cewa maganin asibiti in ya yi yawa yana cin hanta. Inna ba ta da jiki. Na riƙa kallon ƙwayoyin ina tunanin hantarta. A rana ta uku ta sha fura har da neman ƙari, ta yi Azahar da La'asar da alwala ɗaya, tana dariya tana cewa 'yar boko ta yi rana. Sai na ce a raina, tunda lafiya ta samu, me ya rage? Zubar da sauran kuma almubazzaranci ne. Na wanke gwangwanin madara, na shanya shi ya bushe ƙarau, na zuba su na rufe.

Bayan wata uku ciwon ya dawo. Na buɗe gwangwani, kwana biyu ta warke, na rufe. Haka muka yi shekaru. Ban taɓa ba ta ƙwaya ɗaya fiye da abin da na ga tana bukata ba, kuma ina jin daɗin hakan, ina ganin tattali nake yi da jikinta. Maƙwabta suka san da gwangwanin. Wadda mararta ta kama sai ta leƙo, in ƙirga mata biyu a tafin hannu, in ɗauka sadaka na yi.

Sannu a hankali kwana biyu ya daina isa. Ya koma huɗu, ya koma mako. Muka canza zuwa mai ja da baƙi, daga baya mai kemis ɗin bakin tasha ya ba mu wata fara mai tsaga a tsakiya. Kowace takan yi aiki da farko, sannan ta zama kamar an haɗiyi tsaba.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, Inna ta yi murna har da hawaye. Ta ƙara tsananta wa kanta a kan tsarki, ruwan ma ta ƙara rage shi. A cikin daminar da ta biyo ne zazzaɓi ya kayar da ita, da ciwon baya ta gefe ɗaya, tana rawar sanyi da tsakar rana. A asibitin garinmu aka yi mata allurai na kwana biyar, babu canji. Nas ɗin ta ba ni 'yar kwalba ta ce a kai fitsarin Gusau a gwada.

Na ɓata mako guda kafin in tafi. Kunya nake ji in faɗi dalili, amma zan faɗa: tsoro nake kwalbar ta tsiyaye a jakata ta ɓata mini tufafin salla a hanya. Ranar da na daure, leda uku na naɗe ta. Lokacin an hana mu mata hawa kabu-kabu, na taka har tasha, na zauna jiran motar mata ta cika har rana ta take.

Bayan kwana uku na koma karɓar sakamako. Likitan dattijo ne mai furfura a gemu. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Hajiya, me take sha a gida?"

Na fito da gwangwanin. Wallahi da alfahari na fito da shi. Ya juye a tebur, ya ware su kala-kala da bakin biro.

"Kwana nawa take yi tana sha?"

"Har ta ji sauƙi, likita. Ba na bari ya yi mata yawa."

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce ciwon wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani. Kwana biyun farko raunanan ke mutuwa, shi ya sa zafin ke tafiya. In aka tsaya a nan, masu taurin ne ke saura, su hayayyafa, 'ya'yansu kuma sun riga sun san maganin. Ya juyo mini da takardar, ya bi sunayen magunguna da yatsa yana cewa, wannan ba ya kashe su, wannan ma, wannan ma. Ɗaya tak ya rage, allura ce, ita ma da ƙyar.

"Ba ke kaɗai ba ce," in ji shi. "Gari duka haka ake sha, har shanu ana ɗura musu. Wataƙila ma da taurinsu ta ɗauko su."

Aka samo allurar. Inna ta tashi zaune kwana goma, har ta tsefe kanta. Sannan zazzaɓin ya dawo, ƙafafunta suka kumbura, aka ce ya taɓa ƙoda. Ta ce a maida ta ƙauye, tana son ta ga geron bana ko da daga ƙofar ɗaki ne.

A can, wata safiya, bayan na riƙe mata dutsen taimama ta yi salla a kwance, na gaya mata komai. Na ce ni na koya wa ciwon maganin.

Ta dube ni da gefen ido. "Ke wagga, ke kika halicce shi? Kullum sai kin samo abin da za ki ɗora ma kanki. Ɗebo min ruwa. Cika moɗar, yanzu ba ni da alwalar da nika tsaro."

Ta shanye tas. Shekaru ban ga ta sha ruwa haka ba. Ba ta kai girbi ba.

Na tambayi malamin unguwarmu, ya ce niyyata alheri ce, babu laifi a kaina. Likita ya ce ba ni kaɗai ba ce. Inna da bakinta ta wanke ni. Duk na ji. Amma ni na san hannun da ya rufe gwangwanin a rana ta uku, kuma na san makon da na zauna ina tunanin tufafi. Har yau in na idar da salla, lissafin matan da na ƙirga wa biyu-biyu nake yi, ina tunanin me na bar musu a ciki.

Bayan sadakar arba'in wata maƙwabciyata ta leƙo tana dafe da mara. Na ce mata kafson na zuba su a masai. Na zaunar da ita, na yi mata bayanin likita tun daga farko, raunana da masu tauri.

Ta saurara har ƙarshe, ta yi dariya. "To, likitar unguwa ta aje aiki. Ni dai zafin nake so ya tafi, yaya."

Ta fita. Ba a jima ba ta dawo daga kemis da kafso biyu a ƙulle cikin yagaggiyar takarda. Ta ce in taimaka mata da ruwa. Na ɗebo a randa na miƙa mata, ta haɗiye su a tsaye a ƙofar ɗakina.